Zanen Mama a Jakar Samfur

A gidanmu na Maraɗi ba wanda yake tafiya da kayansa kaɗai. In ka ce gobe za ka Kano, kafin la'asar zaure ya cika da ƙulle-ƙulle: wannan daddawa ce ta ɗiyar wance da ke aure a Fagge, wannan takalmi ne na wani ɗalibi, wannan wasiƙa ce, a ba da ita hannu da hannu. Ba a tambayarka ko kana so, kai ma ba ka tambayar abin da ke ciki. Da wannan tarbiyya na sauka a Greensboro ta Amurka, kuma ban bar ta a filin jirgi ba. Har gobe in aka ce wani zai je gida, ni ce ta farko a ƙofarsa da ledata. In kuwa ni ce mai tafiya, rabin akwatina na mutane ne. Alhaji, maigidana, yakan ce da gidan waya ya san da zamana da tuni ya kai ni ƙara.

Ɗinki nake yi a wata ƙaramar masana'antar kujeru da ke kan hanyar Pleasant Garden, ni ce mai ɗinka rigunan kushin. Lokacin da na fara, komai a nan ake yin sa, daga yankan katako har ƙusar ƙarshe. Sannu a hankali kwantenoni suka fara zuwa, da farko daga Sin, daga baya daga Vietnam, ɗauke da katakon kujera a haɗe. Mu namu sai mu sa soso mu tufatar da ita. Masana'antu da yawa a yankin nan sun rufe. Tamu ta tsira ne don mai ita, wani Bature mai sanƙo da ba ya riƙo, ya yarda ya ƙulla ciniki da mutanen da aka taɓa tura yayansa ya yaƙa.

Turawan wurin aiki abin yana ɗaure musu kai, wai jiya yaƙi yau ciniki. Ni ko a jikina. Mahaifina ɗan tireda ne, kuma na buɗe ido na ga kwanon Sin a jingine da turaren Faransa a kan teburinsa, agogon Rasha a gefen batirin Amurka, a daidai lokacin da rediyo ke cewa masu waɗannan kaya ba sa ga maciji da juna. Yakan saurari labaran har ƙarshe, ya girgiza kai, ya ci gaba da jera hajarsa. Saboda haka na taso da yaƙinin cewa in kaya suka fara ƙetarawa, to rigima ta ƙare, saura surutu. Wannan yaƙini ne ya kusa kai ni ya baro.

Keken ɗinkin da ke kusa da nawa na wata tsohuwa ne da kowa ke kira Mama. 'Yar ƙarama ce, ba ta kai kafaɗata ba, amma hannunta ya fi na kowa sauri. Daga Vietnam take, sai dai in ka kira ta 'yar Vietnam za ta gyara maka zance nan take: ita mutuniyar dutse ce, daga tsaunukan tsakiyar ƙasar, masu yarensu daban da al'adarsu daban. Mazajensu da yawa sun bi bayan sojan Amurka a lokacin yaƙi, har da mijinta. Da 'yan kwaminis suka yi nasara sai zama ya gagare su. Bayan shekaru a daji da sansanin gudun hijira aka kawo su garin nan, kuma suna da yawa. Da su muke rububin kuɓewa da busasshen kifi a shagunan titin Gate City Boulevard.

Turancina na kasuwa ne, nata ya fi nawa karyewa, amma a haka muka yi shekaru muna hira. Ina ce mata Mama, tana ce mini sista. Ta fi ni cin barkono, abin da ban taɓa zaton zan faɗa a kan wani ɗan Adam ba. Ranar da talabijin ɗin ɗakin cin abinci ya nuno manyan Amurka da na Vietnam suna musabaha ana ta haska su da kyamara, na ce, “Mama, kin ga an shirya.” Sai ta juya kujerarta ta ba talabijin baya, ta ci gaba da cin shinkafarta. Na gani sarai, amma na ɗauke shi rigimar tsufa.

Wata Asabar ta kira ni gidanta in ɗebi barkono a lambu. A nan na ga yadda take saƙa. Ba irin masaƙarmu ba ce: a ƙasa take zama ta miƙe ƙafa, ta ɗaura gefe ɗaya na zaren a ƙugunta, ɗaya gefen a ginshiƙin baranda. Da ta ga ina sha'awa sai ta shiga ɗaki ta fito da wani zane a naɗe cikin farin ƙyalle. Baƙi ne, da ratsin ja da fari, da ƙananan zayyana masu kusurwa huɗu a jere a bakinsa. Ta ce zayyanar gidansu ce, uwarsu ta koya musu ita da ƙanwarta.

Ƙanwar tana can a ƙauyensu, ba su sake haɗuwa ba tun da aka rabu. Yanzu idonta ya tafi, ta daina saƙa. Mama ta saƙa mata zanen ne don ko ba ta gani ba, ta shafa ta ji aikin uwarsu a yatsunta kafin ta mutu. Shekara biyu ke nan da gamawa, yana ajiye.

Na ce, “To me ya hana ki kai gidan waya?”

Ta ce ƙauyensu ƙarami ne. In kaya suka zo daga Amurka da sunanta a jiki, kowa zai sani, kuma za a iya kiran ɗan ƙanwar ya yi bayanin wace ce wannan, ina mijinta, me ya yi a da. Ko a waya, in ɗan ya haɗa su jifa-jifa, gaisuwa kawai suke yi, ba sa ambaton suna ko gari. Ko haka abin yake a yau, ko tsohon tsoro ne da ya ƙi tsufa, ni ban sani ba. Abin da na sani shi ne tsoron nata na gaske ne. A cikin hirar sunan gundumarsu ya suɓuce mata sau ɗaya, ni kuwa kunnena ba ya yar da sunan gari.

Idona na ɗinki ne, ba ya barin kuskure ya wuce lafiya. Ina shafa bakin zanen sai na ga a kowace zayyana ta uku jan zaren yana tsallake layi ɗaya. Na ce, “Mama, nan kin tsallake zare. Ga shi nan ma. Ga shi kuma.”

Ta make mini hannu. Ta ce tun tana yarinya a daidai wannan kwana take tsallakewa, uwarsu ta sha buge mata yatsu, ƙanwar tana gefe tana dariya don ita saƙarta ba ta da aibu. “Shekara sittin,” in ji ta, “hannun nan bai ji magana ba.” Ta naɗe zanenta ta mayar ɗaki, ni kuma na koma gida da barkonona.

Da lokacin baje kolin kayan ɗaki ya zo a garin High Point da ke kusa da mu, kamfanin da ke haɗa mana katako a Vietnam ya turo wata ma'aikaciyarsa ta yi mako biyu a wurinmu, ta ga yadda muke yanka yadi don awonsu ya riƙa dacewa da namu. Mace ce mai natsuwa, ba ta kai arba'in ba, da tabarau, Turancinta ya fi na mu duka. Duk inda za ta tana jan wata baƙar jaka cike da samfurin yadi. Ranar farko ta rusuna ta gaida Mama da yaren Vietnam. Mama ta amsa mata da Turanci, kalma ɗaya, ba ta ko ɗaga kai daga keke ba.

Mai masana'anta ya ga abokiyar ciniki. Mama ta ga abin da ta gani. Ni kuwa abu ɗaya na gani: matafiyiya, za ta gida nan da mako biyu, ga ta da ƙatuwar jaka. Wallahi ko na minti ɗaya ban yi tunanin akwai abin tambaya ba. Mutum zai tafi ƙasarku, kuna da saƙo, to me ya rage?

A rana ta uku, da Mama ta fita cin abinci a motarta don ta daina zama inda baƙuwar take, sai na ja kujera kusa da baƙuwar, na buɗe kwanon ƙosai na tura gabanta. Ta ci, ta yaba. Ni kuma na zazzage mata komai: zanen, ƙanwar, makantar, har da sunan gundumar, na faɗe shi tiryan-tiryan ina jin daɗin yadda harshena ya iya. Baƙuwar ta daina tauna.

Ta ce, “Ita ce ta aiko ki?”

Na ce, “A'a. A wurinmu ba a jira sai an aiki mutum.”

Ta ajiye ƙosan da ke hannunta, ta ce za ta yi tunani.

Na koma kekena ina ji da kaina. Da Mama ta dawo na ce mata albishirinki, na ba ta labari ina jiran ta rungume ni. Sai ta kashe kekenta. A duk zamanmu ban taɓa ganin ta kashe keke a tsakiyar ɗinki ba.

“Kin ba ta sunan garin?”

“Eh mana, in ba haka ba ina za ta kai? Ai 'yar ƙasarku ce.”

“Ba 'yar ƙasata ba ce,” in ji Mama, a hankali. “Ƙasarta ce ta haɗiye tawa. Wanda aka bari ya fita ya dawo, an yarda da shi ne. Ki tambayi kanki wa ya yarda da ita. Sunan da nake ɓoyewa ko a waya, ke kin bayar da shi a kan ƙosai.”

Kafin a tashi aiki ta roƙi shugaban sashenmu ya mayar da ita can ƙarshen layi, kusa da ƙofar sito inda sanyi yake.

Ba zan yi ƙarya ba, fushi na fara yi. Na shiga gida ina faɗa tun daga bakin ƙofa. Na ce, “Alhaji, ka ji tsohuwar nan? Taimako fa na yi! Shekara biyu zane yana kwance, na samo mata hanya a kwana uku, shi ne na zama abokiyar gaba?”

Alhaji ya bar ni na gama, don ya san in bai bari ba ma sai na gama. Sannan ya ce, “Hajiya, ke duk duniya tashar Maraɗi ce a wurinki. Wannan ba bizines ɗin daddawa ba ne, siyasa ce. Manya sun yi musabaha a talabijin, oke, amma ke kin san abin da ke faruwa a ƙauyen? In wani abu ya sami makauniyar nan ko ɗanta, wa ya jawo? Ki je ki ce mata fardon, ki ba ta haƙuri.”

In wani abu ya sami makauniyar nan. Maganar ta zauna mini a ƙirji, tuwon ma kasa ci na yi. Sai a lokacin na ga abin da na yi: na ɗauki lafiyar wata tsohuwa da ban taɓa gani ba na miƙa wa wadda ban sani ba, don kawai in ji daɗin cewa na iya. Na ji tsoro, na ji kunya, kuma kunyar ta fi.

Asabar da hantsi na yi dambu na tuƙa zuwa gidanta. Na same ta a lambu a duƙe. Ban yi kwana-kwana ba, na ce, “Mama, na yi laifi. Ba ki aike ni ba, na aiki kaina. Ki yafe mini.” Ta bar ni a tsaye da kwano a hannu har na fara jin nauyinsa. Can ta miƙo mini fartanya. Muka yi ta cire ciyawa har rana ta take. Da zan tafi ta karɓi dambun, ta ce, “Sunan dai ya riga ya fita.”

Ranar Litinin na sami baƙuwar ita kaɗai a teburin yanka. Wannan karon ba roƙo na je yi ba, janye magana na je yi. Na ce ta manta da duk abin da na faɗa mata.

Ta cire tabarau ta goge. Ta ce, “Ba zan iya mantawa ba. Amma ban rubuta a ko'ina ba, ban gaya wa kowa ba. Ke kina ganin Mama kaɗai ke jin tsoro?” Ta ce bayan yaƙi aka haife ta, 'ya'yanta biyu, wannan ce fitarta ta farko daga ƙasa. In aka ji ta ɗauko saƙon 'yan gudun hijira zuwa kan dutse, wataƙila ba abin da zai faru, wataƙila kuma ba za a sake tura ta ko'ina ba. Ita ma ba ta sani ba, kuma ba ta son gwadawa.

Na ce na fahimta, na juya zan tafi. Sai ta jawo baƙar jakar ta zuge ta. Ƙyallaye ne birjik, kowanne da 'yar takarda mai lamba a maƙale.

Ta ce, “Yadi yana zuwa, yadi yana komawa, aikinmu ke nan, ba mai tambaya. In zane ne kawai, ba wasiƙa, ba suna, ba hoto, to samfur ne.” Ta ce akwai manyan motocin da ke sauko wa kamfaninsu da katako daga wajen tsaunuka su koma, kuma ta san wani direba mai riƙon amana da matarsa 'yar can ce. Daga hannunta zuwa nasa, daga nasa zuwa na matarsa. Ina jin haka na ji kamar a zauren gidanmu nake. Ashe su ma sun san saƙo, sai dai nasu a raɗa ake ba da shi.

Amma na koyi hankali. Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Na taka har ƙarshen layi na maimaita wa Mama maganar kalma bayan kalma, sannan na yi abin da ya fi mini wuya a duniya, na ja bakina na yi shiru.

Mama ba ta daina ɗinki ba. Can ta ce, “Ba wasiƙa, ba suna, kuma ba zan faɗa a waya ba. To ta yaya za ta san daga wurina yake? Makauniya ce. Za ta ɗauka wani tsumma ne aka ba ta sadaka.”

Na koma kekena.

Ranar Juma'ar da baƙuwar za ta tafi, ta bi kekuna ɗaya bayan ɗaya tana sallama. Ina daga wurina ina leƙe kamar mai tsaron tukunya. Da ta isa ƙarshen layi, Mama ta sunkuya ta jawo leda daga ƙarƙashin teburi, ta fito da zanen ta ajiye, ba ta dubi fuskar kowa ba. Baƙuwar ta sa hannu biyu ta ɗauka, ta maƙala masa 'yar takarda mai lamba kamar sauran, ta sa shi a tsakiyar jaka. Sai na ji Mama tana magana ƙasa-ƙasa da yaren Vietnam, yaren da ban taɓa ji a bakinta ba. Ta daɗe tana yi, tana kwatance da yatsa a kan teburi: hanya, kwana, gida. Ni gunduma kawai na bayar. Sauran ita ta bayar da bakinta. Da na tambayi Mama daga baya me suka ce a ƙarshe, sai ta ce ba ruwana.

Daga nan sai jira. Ganye ya zube, sanyi ya shigo. Mama ta dawo kekenta na kusa da nawa, ta ce wai iskar ƙofar sito ce ta kore ta, amma hira ba ta dawo kamar da ba. Duk kwantenar da ta iso sai in tsaya ina kallonta kamar za ta buɗe baki ta ba ni labari. Na sa wannan makauniya cikin addu'ata bayan kowace salla, da ita da ɗanta da direban da matarsa. Kuma na ƙudura a raina cewa in labari mara daɗi ya zo, ba zan iya sake zama kusa da Mama ba, aikin zan bari. Ban gaya wa Alhaji wannan ba.

Wata safiya ina zura zare a allura sai na ga mutum tsaye a kaina. Mama ce, ko rigar sanyi ba ta cire ba, jakarta a kafaɗa. Ban iya gane abin da ke fuskarta ba.

Ta ce ɗan ƙanwarta ya kira. Suka gaisa kamar kullum, lafiya lau, ruwa ya sauka, kowa ƙalau. Sai ya ce tsohuwa tana son magana. Ƙanwar ta karɓi waya ta ce wata mata ta kawo mata zane, wai samfur ne da wani kamfani ba ya so. Ta ce ta shafa shi daga wannan baki zuwa wancan, sau uku.

Mama ta tsaya. Na ce, “Sai me, Mama? Sai ta ce me?”

“Ta ce, ko wace ce ta saƙa wannan zane, uwarta ba ta buge mata yatsu yadda ya kamata ba. Har yanzu tana tsallake zare a ta uku.”

Ta ce suka yi ta dariya a waya, su biyu, har ɗan ya karɓe don tari ya sarƙe tsohuwar, kuma ba wanda ya ambaci sunan kowa. Tana ba ni labarin tana dariya, hawaye yana bin kumatunta, ni ma ban san lokacin da nawa ya zubo ba. Ta kamo hannuna, wanda ta make ranar da ta nuna mini zanen, ta matse shi da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

“Ta gane ni, sista,” in ji ta. “Ta gane ni.”

Ƙararrawar fara aiki ta kaɗa. Mama ta cire rigar sanyinta ta rataya a bayan kujera, ta turo mini kwalbar barkono ta gefen teburi, muka kunna kekuna.